Na Haɗa Kan Jamus, Na Rasa Malamin Gona

Shekara bakwai na yi ina haɗa kan Jamus a Yelwa, sau ɗaya a kowace shekara, a zangon karatu na biyu, a gaban 'yan aji huɗu. Nakan shiga aji in same ta a tarwatse, ƙananan masarautu kusan arba'in, kowace da sarkinta da tutarta da shingenta na kan hanya. Kafin mako uku na dunƙule ta ta zama ƙasa guda. Sai in goge allo, in kakkaɓe rigata, in koma ɗakina. Wazirin masarautar Farusiya, mai ƙarfin cikinsu, wanda ya yi aikin na ainihi, sai da ya gwabza yaƙi uku, da Danmak da Ostiriya da Faransa. Ni abin da ya ci mini bai wuce kwalin alli ba.

Daga gabashin jiha aka turo ni, can wajen Gusau. A zamanin, Jihar Sakkwato tana da faɗin da takarda ɗaya daga ma'aikatar ilimi za ta jefa mutum tafiyar yini guda daga gidan ubansa, a kuma ce masa ai gida yake, bai bar jiharsa ba. Sakandaren kwana ce a bayan gari, bayanta gonaki, bayan gonakin ruwan Kainji. Ɗakina ne na ƙarshe a jerin gidajen malamai, kuma ni kaɗai ne tuzuru a jerin. Da an tashi, masu iyali su shige gidajensu, in riƙa jiyo daka da kukan yara ta katanga. Malaman da suka zo daga kudu da ƙasar Gana suna da nasu zaman da nasu harshen. Mutanen gari kuwa, ba zan yi musu ƙarya ba, ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza. Shekara bakwai suna gaishe ni. Sai dai gaisuwa in ta yi kyau ta yi tsawo, ba katangar da ta kai ta tsayi: a tambaye ka gajiya, a tambaye ka mutanen gida, ka ce lafiya lau, kowa ya kama gabansa. A shekarata ta shida ma ana ce mini ya baƙunta.

Yara ne suka laƙaba mini Bajamushe, don in na shiga wannan darasi ba na jin ƙararrawa. Labarin, yadda manhaja ta tsara shi, ba shi da wuya. Mutane ne masu harshe ɗaya da sarakuna barkatai. Sojan Faransa suka zo suka tattake su ɗaya bayan ɗaya, sai suka farga ashe da harshe ɗaya suke jin kunya. Malamansu suka bazu ƙauyuka suna rubuta tatsuniyoyin tsofaffi da tsofaffin kalmomi. Ɗalibai suka kafa ƙungiyoyi suna yi wa ƙasar da ba ta wanzu ba tukuna waƙa. Fatake suka gaji da shinge aka ɗauke musu. Kishin ƙasa ya riga ƙasar zuwa duniya, kamar a raɗa wa yaro suna tun yana ciki. Daga ƙarshe Farusiya ta zo da bindiga ta karɓi haihuwar. Abin da ya fi kama ni a ciki shi ne malaman nan masu yawo da littafi. Mutum ya shiga ƙauyen da bai san kowa ba, ya ji tsohuwa ta kira tukunya da sunan da kakarsa ke kiranta, nan take ya gane ɗan gida ne. A lokacin cewa nake yi son ilimi ne ya sa wannan ke burge ni. Wanda yakan yini bai yi magana da babba ba sai gaisuwa, yana da wani dalilin daban.

Mutum ɗaya ne ya daina tambayata baƙunta, shi ne mai koyar da aikin noma, wanda kowa ke kira Malamin Gona. Ya girme ni da 'yan shekaru, a cikin gari yake haya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya ɓarnar magana. Hausarsa ta fi tawa tsabta, hularsa ta fi tawa zama, sahun farko ba ya wuce shi a masallacin makaranta. Shi ke kula da lambun makaranta a bakin ruwa, kuma bai yarda da ban-ruwan yara ba, wai suna shayar da albasa kamar masu kashe gobara. Saboda haka bayan la'asar shi da kansa yake sauka da bokiti biyu. Wata rana ƙafa ta kai ni can don ba ni da wurin zuwa. Akwai wani fasasshen kwalekwale da aka kife a gefen lambun, na zauna a kai. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Kashegari na koma. Haka muka yi shekara huɗu, shi yana kai da kawowa tsakanin ruwa da albasa, ni ina zuba kamar kanya. Duk yinina, wannan sa'a ɗaya nake jira.

"Bajamushe," yakan ce tun daga nesa, "yau ina anka kwana? An haɗe su ko da saura?"

"Saura masarautun kudu. Suna tsoron Farusiya ta haɗiye su."

"Suna da gaskiya. A bi su a hankali, kada a yi musu ban-ruwan yara."

Wata rana ya ajiye bokitin ya tsaya.

"Wai waɗanda anka haɗa ɗin nan, dukkansu Jamusanci suke yi a cikin gida?"

Na ce a'a. Akwai 'yan Folan a gabas, akwai masu Faransanci a yamma, akwai 'yan Danmak a arewa, duk iyaka ta rufa da su.

"To su mi anka yi da su?"

"Ba a tambaya a jarrabawa."

Ya ɗauki bokitinsa. "Ai na san ba za a tambaya ba."

Asalinsa a ɗakin malamai na fara ji, daga bakin Malamin Lissafi, wani Bakambare dogo mai murya kamar ta ɗan kamasho. Su biyun abokan wasa ne, tun kaka da kakanni in ji su, kuma ba a shan shayin safe sai sun taɓa. Da Malamin Gona ya sa kai, sai ka ji:

"Ga Bagungen nan, ɗan ruwa! Na haɗu da kakanka kada a bakin gaɓa, ya ce in gaishe ka."

"Ina amsawa. Shi ma mamaki yake, wai kai anka ba lissafi, mutumin da a garinsu in an wuce goma sai a tuɓe takalmi."

Ɗaki ya ɗauki dariya, har shugaban makaranta. Kullum haka. Sai na ɗauka cewa zaman Malamin Gona Bagunge, wato ɗan mutanen da suka zauna tsibiran kogi kafin a datse shi, magana ce a fili kamar tsawon Malamin Lissafi. Ban lura ba cewa a duk ɗakin mutum ɗaya ne tak yake faɗa, kuma bai taɓa faɗa ba dariya ba.

A wani hutu ya ce in raka shi gaida mahaifiyarsa a wani ƙauye kusa da Warra. Ba wanda ya taɓa gayyatata ko'ina a ƙasar, saboda haka na yi wanka na sa rigar sallah, na shiga jirgin ruwa da ita tsakanin buhunan gero da awaki. Mun yi nisa, gaɓa ta zama zare, sai ya taɓa ni ya nuna wani wuri da haɓa.

"Nan ne."

"Nan ne me?"

"Gidanmu. Can tsamiya take. Can, gaba kaɗan, makabarta."

Na duba iya dubawa. Ruwa ne, irin na ko'ina. Yana ɗan shekara goma, in ji shi, aka gama dam aka kwashe su, ruwa ya hau a hankali har ya shafe tsamiyar. 

Ƙauyen jerin ɗakunan siminti ne masu rufi lanƙwasasshe kamar baka da gwamnati ta gina musu, iri ɗaya kamar an buga da hatimi, mutane sun kewaye su da zana da rumbuna don su yi kama da gida. Inna tsohuwa ce ƙarama mai kaifin ido. Tana yi masa magana da Gunganci, shi yana mayar mata da Hausa. Sai da na fita kama ruwa na jiyo shi ta bayan zana yana mata magana da harshenta, ƙasa-ƙasa, da wata murya mai taushi da ban san yana da ita ba. Da na dawo ya koma Hausa. Mai hankali da ya ga haka ya gama karatu. Ni kuwa zuciyata sai ta yi tsalle: ga ni a ƙauye, ga tsohuwa, ga tsohon harshe, ga littafi a aljihu. Na zaro shi na fara nuna kaya ɗaya-ɗaya ina tambayarta sunansu.

"Wanga baƙon naka lafiyarshi ƙalau?" ta tambayi ɗanta. "Sunan ludayi yake rubutawa."

"Inna, malamin tarihi ne."

"To ludayi ya zama tarihi?"

Ta yi ta dariya, ta kuma ba ni duk abin da na nema: ludayi, taru, sunan wata iska da ke tasowa kafin ruwan sama, har da 'yar waƙar da suke yi wa yaro in zai fara shiga jirgi. Na cika shafi shida. A hanyar komawa Malamin Gona ya ce, yana kallon ruwa, "Littafin nan ka aje shi a ƙasan akwati." Na ce to. Na ɗauka kunya ce irin ta mutanen kirki, wadda aikin mai ilimi ne ya yaye musu ita.

A shekarar ne ya gaya mini, a bakin lambu, cewa yana neman aure. 'Yar wani Alhaji ce mai fataucin bandar kifi a kasuwar Yelwa, malamar firamare, sun daidaita tsakaninsu. Manya sun kai gaisuwa an karɓa, saura sa rana. A gidan Alhaji, kamar a ko'ina cikin gari, shi Bayawuri ne, ɗan ƙasar nan ta Yauri, malamin gwamnati, mutumin sahun farko. Ni kaɗai ya gaya wa a makarantar, na kuma yi kwana uku ina jin kaina kamar an naɗa ni sarauta.

Sai Jamus ta fito daga littafi ta shiga rediyo. Aka ce bangon Berlin ya faɗi, mutanen gabas da na yamma suna rungumar juna. Shekara ta kewayo aka ce ƙasashen biyu sun koma ɗaya. Na wayi gari mutum mai amfani. Mai shayi yana tambayata wa ya gina bangon, mai gyaran keke yana son jin ko za su sake yaƙi, malaman da ba su taɓa wuce ina kwana da ni ba suna jawo kujera. Da ranar raba kyaututtuka ta matso, shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce, "Bajamushe, Allah ya kawo kasuwarka. Ka yi mana lacca da Hausa, minti ashirin, kada ka wuce." Na yi mako biyu ina rubutu.

Aka kafa rumfa a filin ƙwallo, aka aro lasifika. A jerin gaba akwai manyan gari, akwai kuma Alhaji, don shi ne shugaban iyayen yara, da ƙannensa biyu a gefensa cikin manyan riguna. Malamai muna gefe a kan benci. Na tashi na tarwatsa Jamus na haɗe ta, na sake tsaga ta biyu na ɗinke, duk cikin minti goma sha biyar. Na ce musu sarakuna ne ke zana iyaka, amma harshen uwa ne ke cewa wane ɗan'uwan wane ne. Aka yi tafi. Ban taɓa jin an yi mini tafi ba. Tafi kuwa ga wanda bai saba ba, ya fi kowace ƙwaya juya kai. Ina da sauran minti biyar, ina da shafi shida a aljihu da ban kai ƙasan akwati ba, ina kuma da aboki guda a duniya da nake so kowa ya san darajarsa.

Na ce ba sai mun je Turai neman misali ba. Na ce a cikinmu akwai ɗan wata al'umma da ruwa ya cinye ƙasarta amma bai cinye harshenta ba. Na ce na je ƙauyensu da ƙafata, na zauna gaban mahaifiyarsa, na rubuta Gunganci tsantsa daga bakinta, irin wanda Hausa ba ta gurɓata ba. Na zaro littafin na karanta sunan ludayi da na taru da na iskar nan. Na ce da a Jamus ne, da irin wannan tsohuwa aka gina ƙasa. Sannan na juya wajen benci na ce Malamin Gona ya tashi jama'a su gan shi, Bagunge ɗan Bagunge, a yi masa tafi.

Ya tashi, don ba a ce wa mutum tashi a lasifika ya ƙi. Aka tafa masa. Yara suka fi kowa, da ihu. Ya tsaya hannuwansa a gefe kamar ɗan aji ɗaya da aka kama ba takalmi, yana kallon wani wuri sama da kan mutane. Alhaji ya tafa sau biyu ya gyara hula. Ƙannensa suka dubi juna. Abin da ya fara sanyaya mini jiki shi ne Malamin Lissafi: mutumin da ba a ambaci Gungawa bai yi dariya ba, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Shi ne ya tare ni bayan an watse, a inda ake jingine kekuna.

"Kai Malam, mi ka aikata haka?"

"Yabo na yi. Ai kai kullum sai ka faɗa."

"Ni wasa nike. Ni abokin wasanshi ne, haƙƙina ne in faɗa, haƙƙinshi ne ya rama, kowa ya yi dariya a tashi. Maganata ba ta zama shaida. Ka taɓa ganin an kai wasa gaban surukai?"

Na ce to ai ba ƙarya na yi ba, kuma ba abin kunya ba ne.

"Wa ya ce ƙarya ce? Wa ya ce abin kunya ne? Kana tsammanin Alhaji bai sani ba? Mutumin da ke sayen kifi tun daga Warra har Shanga? Ya san ƙauyen, ya san tsohuwar. Shi kanshi kakarshi daga tsibiri anka ɗauko ta, duk Yelwa an sani. Rabin manyan rigunan da ka gani a gaba, in ka ɗaga, ruwa za ka gani ko tudun Kambari. Ba a ɗagawa. Mutum in ya yi salla, ya sa riga, ya yi Hausa, ya zauna lafiya da mutane, Bayawuri ne, an gama. Yanzu malamin tarihi ya tashi da takarda a hannu ya faɗa a lasifika, ƙannen Alhaji na zaune. Da can sun sani ne kawai. Yau sun ji. Wanda ya ji kuwa dole ya ce wani abu."

Ya hau kekensa, ya sake sauke ƙafa ɗaya. "Har sunan ludayi, Malam. Uwar mutum."

Na daɗe tsaye a wurin. Shekara bakwai ina koyar da hanya ɗaya ta mayar da mutane al'umma, ta tono da rubutawa da shela. Ashe garin da nake zaune ya daɗe yana yin nasa aikin ta wata hanya, ana barin ƙofa a buɗe bisa sharaɗin kada kowa ya nuna ta da yatsa. Ban ce tasu ta fi adalci ba. Mutumin da sai ya rage murya zai yi wa uwarsa magana da harshenta, an karɓi wani abu a hannunsa, kuma har yau ina ganin haka. Amma nasa ne, shi ya san abin da ya bayar da abin da ya samu. Ba wanda ya aike ni.

Kashegari bayan la'asar na sauka lambu. Malamin Gona yana nan. Ya ce, "Malam, sannu da zuwa." Bai taɓa ce mini Malam ba. Ya yi mini bayanin wata tsutsa da ke cin ganyen albasa, a tsanake, kamar mai yi wa sufeto bayani, sannan ya ce yana da uzuri cikin gari. Rana ta biyu na tarar da ƙasa a jiƙe, ba kowa: ya mayar da ban-ruwa safe, lokacin da nake aji. Na ci gaba da zuwa duk da haka, in zauna a kan kwalekwalen in kalli masunta suna jan taru har rana ta yi ja. A ɗakin malamai aka daina wasan safe. Malamin Lissafi ya gwada sau ɗaya, ba wanda ya yi dariya, ya bari. Wannan ma ni na kashe shi. Yara kuwa suka samu sabon suna, da Malamin Gona ya juya baya sai ka ji an kira sunan ludayi daga bayan aji.

Ƙannen Alhaji suka ce a dakata da sa rana, a yi bincike. Aka tura mutum ƙauyen ya tambayi abin da kowa ya sani, har da ko kakan Malamin Gona ya yi salla. Aka ɗaga zuwa bayan girbi, aka sake ɗagawa zuwa bayan azumi. Kafin nan Malamin Gona ya nemi canjin wurin aiki, aka mayar da shi wata makaranta a Shanga. Ran da ya kwashe kayansa ina aji. Daga baya Alhaji ya taka wa ƙannensa burki, yarinyar ma ta tsaya a kan bakanta, aka ɗaura auren. Na ji ne ran da Malamin Lissafi ya shigo da goro da alewa a faranti yana bi kujera-kujera. Ya zo kaina ya miƙo, na ɗauki goro ɗaya kamar kowa.

Na ce a raina tunda aure ya ɗauru, ɓarnar ba ta kai inda na ji tsoro ba, yanzu zan iya zuwa in ba da haƙuri. Na shirya jawabin a kaina, gajere wannan karon. Wata Asabar na hau motar kasuwa zuwa Shanga.

Ya fito da kansa da ya ji sallama. Ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya shigar da ni zaure, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya ɗora darduma a kai. Aka kawo ruwa a kwanon sha mai murfi. Ya tambaye ni hanya, ya tambaye ni gajiya, ya tambayi shugaban makaranta da malamai ɗaya-ɗaya, ya tambayi mutanen Gusau da bai taɓa gani ba. Amarya ta gaishe ni daga bayan ƙofa. Na ji kukan kaza a cikin gida, na san tawa ce.

Da gaisuwa ta ƙare na gyara zama na ce, "Na zo ne a kan abin da ya faru ran nan."

"Wace rana ke nan, Malam?"

"Ranar lacca. Na yi kuskure. Ban san..."

"Haba Malam. Mi ya faru? Ba abin da ya faru. Ai yabo ne ka yi, kowa ya ji. Ana ba da haƙuri a kan yabo?"

Yana murmushi ya faɗa, ba ɗaci ko kaɗan. Na sake buɗe baki, ya ce bari ya duba ko abinci ya sauka. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, da kazar a kwano daban. Ya jera su a gabana da hannunsa, ya buɗe murafen, ya ce bismilla, sannan ya fita ya ja labule, yadda ake yi wa babban baƙo don ya sake ya ci ba idon kowa. Na zauna ni da kwano uku. Ta cikin gida ina jiyo muryarsa shi da matarsa, suna wata magana suna dariya ƙasa-ƙasa. Ban taɓa cin miya mai daɗin wannan ba a ƙasar Yauri, kuma loma huɗu na iya yi.

Bayan azahar na ce zan koma. Bai ce in kwana ba, bai kuma nuna yana gaggawa ba. Ya sa aka ƙunshe mini sauran kazar a takarda. Ya rako ni har bakin hanya, ya tsaya tare da ni a inuwar wani maɗaci kusan rabin sa'a, muna maganar damina da tsadar taki. Da mota ta zo ya tsayar da ita, ya leƙa ya ce wa direba, "Baƙonmu ne, babban malami ne daga Yelwa, a ba shi gaba." Aka sauko da wani dattijo daga gidan gaba aka mayar da shi baya cikin kwandunan kifi, ina cewa a bar shi, ba wanda ya saurare ni. Malamin Gona ya rufe mini ƙofa da kansa, ya ce in gaida mutanen makaranta, Allah ya kiyaye hanya.

Haka na zauna a gaban mota kamar wani hakimi, da ƙunshin kaza a cinyata yana ɗiga mai a rigata, har muka shiga Yelwa.